Doka ta zo, satar fasaha na nan daram

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda tsohon Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne marubuci na iya neman a sauke aikinsa daga intanet in an ɗora ba da izininsa ba.

To amma a nan Zariya, garin da Kamfanin Gaskiya ya reni adabin Hausa, wa ya san da ita? Littafin da na shekara uku ina rubutawa, kafin in sayar da kwafi ɗari har an ɗauki hotonsa ana rabawa kyauta a WhatsApp. Wani ɗalibi ma turo mini shi ya yi, wai in karanta in ƙaru!

A Amurka jaridar New York Times ta maka kamfanonin fasaha na OpenAI da Microsoft a kotu a Disambar 2023, bisa zargin amfani da rubuce-rubucenta ba da izini ba. Mu ina kuɗin lauya?

Ina roƙon Hukumar Haƙƙin Mallaka ta fassara dokar da Hausa, ta kuma zagaya shagunan kwafar takardu na unguwannin Samaru da Kongo a nan Zariya.

Naka,
Wani marubuci, Tudun Wada, Zariya