Batun Fyaucewa: Bakin Kiristoci Bai Zo Ɗaya Ba

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe, ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan labarin mutumin nan na Afirka ta Kudu, Joshua Mhlakela, wanda ya ce an bayyana masa za a fyauce masu bi, wato a ɗauke su sama su tarye Almasihu, ranar 23 ko 24 ga Satumban 2025. Ranar ta zo ta wuce, kowa yana gidansa. Abin da ya dame ni shi ne yadda aka riƙa ba da labarin, kai ka ce Kiristocin duniya ne kaf suka sa ranar tashin ƙiyama sannan suka ji kunya. Har maƙwabcina, wani Alhaji mai sayar da taki, ya tare ni da zolaya wai ashe ba a tafi da ni ba. Mun yi dariya, amma na ga akwai buƙatar bayani, ga 'yan'uwanmu Musulmi da ma mu kanmu.

Tushen maganar yana cikin 1 Tasalonikawa 4:16-17, inda Manzo Bulus ya ce Ubangiji zai sauko da busar ƙaho, matattun da suka mutu cikin Almasihu su fara tashi, sannan a ɗauke rayayyu tare da su cikin gajimare su tarye shi. Wannan kam babu Kiristan da ke musunsa. Inda ake jayayya shi ne: yaushe, idan aka auna shi da lokacin babban tsananin da ake sa rai a ƙarshen zamani? Masu lissafi sun ce tsananin shekara 7 ne, suna dogara da Daniyel 9:27. Wasu sun ce za a kwashe ikilisiya kafin ya soma. Wasu sun ce sai a tsakiya, bayan shekara uku da rabi. Wasu kuma sun ce sai bayan an sha shi har ƙarshe, fyaucewa da dawowar Almasihu duk abu ɗaya ne, rana ɗaya.

Ra'ayi na farko shi ya fi cika mana kunne a wa'azin rediyo da tarurrukan farkawa, har yaranmu na makarantar Lahadi sun ɗauka shi kaɗai ne. Alhali a tsarin da muka san shi yau bai kai shekara 200 ba. John Nelson Darby, wani malami da ya bar aikin limanci a cocin Angilikan na Ailan, shi ya tsara shi a shekarun 1830, ya kuma yi ta kai shi Amurka da Kanada. Daga nan C. I. Scofield ya fitar da Littafi Mai Tsarki mai sharhi a ƙasan shafuka a 1909, sharhin kuwa bin Darby yake. Mutum yana karanta aya, idonsa ya sauka kan sharhi, a hankali ya daina bambance wanne ne Nassi wanne ne ra'ayin mai sharhi. Makarantun Littafi Mai Tsarki na Amurka suka ɗauka, musamman ta Dallas da aka kafa a 1924, littattafansu kuma suka iso ɗakunan karatun fastocinmu. Amma je ka tambayi fada na Katolika, ko faston Lutaran a Numan. Ba sa koyar da wata fyaucewa ta ɓoye dabam. Abin da suke furtawa cikin Shaidar Bangaskiya shi ne Almasihu zai dawo ya yi wa rayayyu da matattu shari'a, shi ke nan.

Ba raina masu ra'ayin farko nake ba, a hannunsu aka yi mini baftisma. Suna da hujja: 1 Tasalonikawa 5:9 ta ce Allah bai ƙaddara mu ga fushi ba, Wahayin Yahaya 3:10 kuma ta yi alkawarin kiyayewa daga lokacin gwaji. Sai dai ni na fi karkata ga na uku, domin a Matiyu 24:29-31 Yesu da bakinsa ya ce bayan tsananin kwanakin nan ne zai aiko mala'iku su tattaro zaɓaɓɓunsa. Fushin Allah dabam, azabar da mutane ke gana wa mutane dabam. An yi mana alkawarin tsira daga na farko. Na biyun kuwa, Yahaya 16:33 cewa ta yi a duniya za mu sha wahala.

Akwai kuma abin da idona ya gani. A ƙarshen Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, suka kama hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN) da ke Kwarhi. Musulmi da Kirista muka watse tare, wasu suka nufi Yola, wasu suka hau duwatsu suka tsallaka Kamaru da ƙafa. A hanya na ga wata tsohuwa, shugabar zumuntar mata a ƙauyensu, ta zauna gindin tsamiya ƙafafunta sun kumbura, ta ƙulle littafin waƙoƙi a bakin zane. Ta dube ni ta ce, "Malam, ba an ce za a ɗauke mu kafin irin wannan ba?" Da a aji ne, sai in ce mata ai wannan ba shi ne babban tsananin ba tukuna, kuma a ƙa'idar masu wannan ra'ayi amsar daidai take. Amma ina za ka iya faɗa wa wadda ta baro gawar ɗanta a gona cewa nata tsananin ƙarami ne? Laifin ba na koyarwar ba ne kaɗai, na yadda muke wa'azinta ne. Mun cika cewa "za mu tafi", mun rage koya wa mutane yadda za su tsaya.

Masu sa rana kuwa, ba yau suka fara ba. Edgar Whisenant ya ce Satumban 1988. Harold Camping, mai gidan rediyo a Kaliforniya, ya ce 21 ga Mayun 2011, mabiyansa suka zuba ajiyarsu wajen kafa allunan talla, da ranar ta wuce ya ɗaga zuwa 21 ga Oktoba. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne Lee Jang Rim na Koriya ta Kudu, da ya sa 28 ga Oktoban 1992. Mutane suka bar aiki, suka sayar da gidaje. Da hukuma ta kama shi, sai aka same shi da takardun jari waɗanda wa'adinsu ba zai cika ba sai 1993. Matiyu 24:36 ta ce ranar nan da sa'ar nan ba wanda ya sani, ko mala'iku, sai Uba kaɗai. A nan ma ba mu da saɓani da Alhaji maƙwabcina, don su ma sun yarda sanin Sa'a na Allah ne.

Roƙona ga 'yan'uwana fastoci da dattawa: in za ku koyar da wannan darasi, ku shimfiɗa ra'ayoyin duka da ayoyinsu, ku faɗi wanda kuka zaɓa da dalili, kada ku mai da shi ma'aunin wanda ya sami ceto. Na taɓa ganin an hana saurayi jagorantar nazarin Littafi don kawai ya tambayi inda aka rubuta cewa dawowar Almasihu kashi biyu ce, fyaucewa dabam, zuwan ƙarshe dabam.

Kai kuma Edita, in wani ya sake sa rana, kuma za a sake, ka tura wakilinka ya ji ta bakin malaman ɗariku biyu ko uku kafin a buga kanun labari da sunan Kiristoci duka.

Na gode.

Wani dattijon ikilisiya,
Mubi, Jihar Adamawa