Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu, ɓangaren rezonetocin SAW (ƙananan na'urori masu zaɓar firikwensi ta hanyar sautin da ke bi ta fuskar dutse)

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, malamai da injiniyoyi da ɗalibanmu, da fatan kowa yana lafiya. Ga abin da muka yi a bana a taƙaice, duk da dai wani wurin sai na ɗan ja shi saboda sababbin da suka shigo tsakiyar shekara kuma har yanzu suna tambaya a guruf wai me ya sa muka nace wa maganar ilektirod, wato zanen ƙarfen da ke kai wa dutsen rezoneta lantarki.

Amsar ita ce nan ne hannunmu zai iya kaiwa. Dutsen fiyezo, wato mai mayar da lantarki motsi da motsi lantarki, ko kwats ne ko litiyam nayobet, ba mu ke yin sa ba, kuma gudun sautin da ke bi ta fuskarsa Allah Ya riga Ya yanke, a kwats yankan ST, wato wata kusurwa da ake yanka dutsen a kai, mita 3158 ne a daƙiƙa. Amma zanen ƙarfen da ake shimfiɗawa a kai, wannan aikin mai zane ne. Tun 1965 da White da Voltmer suka fito da shi a Amurka siffarsa ɗaya ce, kamar mataji biyu da aka cusa haƙoransu cikin juna, kuma tazarar haƙoran nan, da muke kira yatsu, ita ke yanke firikwensi, kaurinsu da nauyinsu da yadda bakinsu ya ƙare su ke yanke ko rezonetan zai yi Q mai kyau, wato ma'aunin yadda yake riƙe ƙarfi, ko zai riƙa zubar da ƙarfi a banza.

Aikin farko da muka yi shi ne awo. Mun tara tsofaffin rimot na mota da na get, wasu 'yan uwanmu masu gyaran waya a Kano ne suka haɗa mana, Allah Ya saka da alheri, muka ciro rezonetocin 433.92 MHz da ke ciki muka ɗora su a NanoVNA, ƙaramar na'urar da ke nuna a allo yadda abu ke amsa kowane firikwensi. Gaskiya ranar ta yi daɗi, domin ɗaliban da suka saba ganin abin a littafi kawai sun ga layin ya nutse a allo da idonsu, sannan da aka kusantar da ayan ɗin soda kusa da gwangwanin rezonetan suka ga tsinin yana ɗan gusawa saboda zafi. Daga nan kowa ya yi lissafi da hannunsa, 3158 a raba da firikwensin ya ba da tsawon zangon igiyar sautin kusan maikiromita 7.3, faɗin yatsa ɗaya kuwa rubu'in haka, wajen 1.8. A filtocin waya da ke aiki kusa da 2 GHz yatsan bai wuce rabin maikiromita ba.

Sai gwajin kwamfuta, wanda shi ya ci mana mafi yawan shekarar. Mun fara da kaurin aluminiyam. In ka sirantar da shi juriyar lantarki ta hau, Q ya faɗi, in ka ƙara kauri kuma nauyi ya danne fuskar dutsen, sautin ya rage gudu, firikwensi ya sauko daga inda ka nufa, to dole sai an nemo tsaka-tsaki kuma tsaka-tsakin nan yana canzawa da yankan dutse. Mun gwada jan ƙarfe da filatinam ma don ganin yadda ƙarfe mai nauyi ke tsare sautin a sama. Mun kuma duba raba kowane yatsa gida biyu, kowanne kashi ɗaya cikin takwas na zango, yana kashe amsa-kuwwar da ke tsakanin yatsu, amma fa wannan a filtar da sauti ke wucewa yake da amfani, a rezoneta amsa-kuwwar ita muke so, kuma zanen ya ninka wahala wajen ƙerawa.

Abin da ya fi jan muhawara shi ne ƙananan tsinayen nan da ke fitowa a allon awo tsakanin manyan tsinaye biyu na rezonetan, waɗanda sautin da ke kai-kawo a faɗin yatsu ke haifarwa. Wajen kawar da su, wasu sun tsaya a kan bambanta tsawon haɗuwar yatsu, wasu kuma a kan kumbura kan kowane yatsa ko ƙara masa nauyi don sauti ya rage gudu a baki. Ni a ganina ta biyun ta fi, don ta farko tana cin fili kuma tana rage ƙarfin haɗin lantarki da sauti, amma ba mu rufe maganar ba tunda wannan gwajin sai da cikakken tsari mai fuska uku, wato 3D, kuma laftof ɗinmu ba sa ɗauka, ga ɗaukewar wuta ana tsakiyar lissafin da ya kwana yana tafiya.

Ɓangaren BAW, wato rezonetocin da sauti ke bi ta cikin kaurinsu maimakon fuskarsu, karatu kawai muka yi a kai, aluminiyam naitirayid tsakanin ilektirod na molibdinam, da zoben da ake ɗorawa a gefe don hana sauti zurarewa.

Inda muka makale shi ne ƙerawa. Duk zanenmu yana cikin kwamfuta, babu ko ɗaya da ya hau dutse, saboda yatsa mai wannan sirantar sai ɗakin da ba ƙura da injin zane na haske. Don Allah duk mamban da ke karatu a waje ko yake da malami a ɗakin gwaji irin wannan ya yi wa shugabanni magana, mun shirya zanen 433 MHz da za a iya farawa da shi tunda yatsunsa sun fi faɗi.

Shekara mai zuwa in sha Allah kuɗin ƙungiya zai tafi ne kan kwamfuta ɗaya mai RAM da yawa da inbata da batir, shi ya sa ma'aji yake roƙon waɗanda ake bi kuɗin wata-wata su biya kafin taron farko. Za a sa rana da ajanda a guruf ɗin WhatsApp.

Naku,
Sakatare