Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kano

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mashaƙon da ya addabi Kano tun ƙarshen 2022 ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin in tuna maka yadda magabatanmu suke farautar annoba a ƙauye, a zamanin da babu wayar hannu balle intanet.

Ni jikan dagaci ne. Kakata ta rayu da tabon agana a fuska har ta koma ga Allah, kuma ita ce take ba mu labarin cewa idan ƙuraje suka feso wa wani, kafin rana ta faɗi mai unguwa ya sanar da dagaci, dagaci ya tashi ɗan aike a kan keke zuwa gidan hakimi, daga nan magana ta isa En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan lokaci. A kafa wa majinyacin bukka a bayan gari, kada kowa ya kai masa kunu sai wanda ya taɓa yin ciwon ya warke, a kuma tambayi wace kasuwa ya ci da wane biki ya je. Ba zan ce tsarin ba shi da aibu ba, domin wasu kan ɓoye ɗansu a rumbu saboda tsoron duba-gari, amma mai unguwa ya san adadin 'ya'yan kowane gida, saboda haka ɓuyan ba ya daɗewa.

Irin wannan sa ido ne ya kashe agana. A watan Disamba na 1966, a yankin Ogoja da ke Jihar Kuros Riba a yau, allurar rigakafi ta yi wa wani likita Ba'amurke, Dakta William Foege, ƙaranci, sai ya sa aka aika mutane ƙauye-ƙauye su gano inda cutar take, ya yi wa masu hulɗa da majinyata da maƙwabtansu lamba, ya kuma bi kasuwannin da suke ci. Cutar ta rasa wanda za ta kama. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ƙarewarta baki ɗaya. Sa'o'ina har yau suna ɗauke da tabon lambar a dantse.

Shan inna ma bai saki Kano ba sai da sarakuna suka sa baki, aka bi gida-gida, har aka ga yaro na ƙarshe da ya kamu da nau'in cutar na asali a Sumaila a 2014.

Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne kada a riƙa tuna masu unguwanni sai ranar rigakafi kawai. A ba kowannensu lambar jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarsa, da ɗan kuɗin kira, a kuma tabbatar masa cewa idan ya ce yara uku sun kwanta da kumburin wuya a unguwa ɗaya, za a zo a ranar. Yaron da aka kawo Asibitin Zana, wato asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, daga Tudun Wada ko Doguwa numfashi na sarƙewa, ya riga ya kwana biyar yana tari cikin 'yan'uwansa, kuma mai unguwarsu ya sani tun daren farko.

Allah ya taya ka riƙo. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta, Gwale, Kano.