Sanarwa: Karatunmu na Wannan Makon

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da war haka.

A wannan makon za mu duba littattafan tafiye-tafiyen Alezanda Bulatobich, hafsan sojan doki na Rasha da aka haifa a 1870. Ya isa Habasha a 1896 tare da tawagar agajin likitoci ta Rasha, bayan yaƙin Adwa da Habashawa suka fatattaki Italiya.

Abin da na fi so mu tsaya a kai shi ne tafiyarsa ta 1898, lokacin da ya bi rundunar Ras Walda Giyorgis, wanda Sarkin Habasha Menelik na Biyu ya tura kudu, ta ƙasar Kaffa har bakin tafkin da a yau ake kira Turkana. Kullum yana rubuta abin da ya gani: tsaunuka, koguna, yunwar sojoji, da ƙauyukan da aka ci da yaƙi. Yana ƙaunar Habashawa ƙwarai, amma bai ɓoye kisa da kamun bayi ba. Can ya tsinci wani yaro da aka raunata, ya raine shi, ya sa masa suna Baska. Wannan sashe yana da nauyi, a karanta shi da natsuwa.

Daga baya ya ajiye kaki ya zama ɗan zuhudu na Cocin Otodoks mai suna Antoni, ya zauna a Dutsen Atos na Girka. An kashe shi a 1919.

Don Allah, a tattaunawar a guji zagin addinin kowa. Wanda ya san tarihin al'ummar Oromo ta Habasha ko na Kaffa ya taimaka mana da nasa bayanin.

Na gode.