Ƴan gem na Gombe, ƙara data ba ya maganin maƙalewar gem

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da samarinmu masu buga gem ta intanet, don ina riƙe da shagon gem a Jekadafari nan Gombe kuma abin da nake gani kullum ya ishe ni, yaro yana buga eFootball ko Call of Duty ko PUBG sai gem ya maƙale, ɗan wasansa ya tsaya cak, kafin ya motsa ƙwallo na cikin ragarsa, shi kenan sai ya ce ai data ce ta yi kaɗan ya je ya ƙara zuba kuɗi, alhali tun da NCC, hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025 datar nan ta zama sai mai hali.

Wallahi gem ba ya cin data sosai lokacin da kake bugawa, afdet ne ke cinye giga. Abin da gem yake so kawai saƙonka ya je saba, wato babbar kwamfutar kamfanin gem ɗin, ya dawo da wuri, lokacin da hakan ke ɗauka shi ne wannan lambar ping da kake gani a gefen sikirin da ms, wato milisakan, a gabanta. In tana ƙasa da 60 kana sarauta, 100 ana lallaɓawa, in ta haura 200 kuwa abokin karawarka ya harbe ka tun ba ka gan shi ba. Kuma sabis ya cika sanda huɗu ba ya nufin komai, ƙarfin siginar tsakaninka da ƙarfen sabis ne kawai yake nuna maka.

Mu fa nesa ce ta yi mana yawa. Saƙonmu sai ya bi fayiba ta ƙasa ya gangara Legas, daga can ya shiga wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da WACS da Equiano na Google wanda ya iso Legas a 2022, sannan ya kai saba a Turai ko Afirka ta Kudu ko Gabas ta Tsakiya, ya kuma juyo ta hanyar da ya bi. Haske a cikin fayiba kusan kilomita 200 yake ci a milisakan ɗaya, to kai ka yi lissafin da kanka. Wanda ya manta ya tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku huɗu suka katse a gaɓar Kwaddibuwa, ranar har tura kuɗi ta banki sai da ta gagara balle gem.

Amma akwai wanda laifinmu ne. Mutum shida a kan mifi ɗaya, wannan na TikTok wancan na sauke fim, kai kuma kana tsakiya kana zagin kamfani. In kwamfuta ce ko PlayStation dan Allah ka sayi wayar LAN, wato kebul na intanet, ka jona da rauta, na'urar da ke raba Wi-Fi, kai tsaye, in dole sai Wi-Fi ka hau layin 5GHz na rautar ka matso kusa, ka ɗora rautar a taga ba ƙarƙashin gado ba. Ni yadda nake gwadawa a shago, sai in buɗe cmd, wurin rubuta wa kwamfuta umarni, in yi ping na rautar kanta tukuna, in nan ma lambar na tsalle to matsalar cikin ɗaki take. In nan lafiya sai in rubuta ping 8.8.8.8 -t don gwada hanyar intanet ta waje in zuba ido, da na ga Request timed out na faɗowa jefi-jefi na san saƙo ne ke zubewa a hanya, wannan kuwa ya fi ping mai yawa ciwo don shi ke sa ɗan wasa ya ɓace ya bayyana a wani wuri. Bayan isha'i abin ya fi muni saboda duk unguwa ta hau ƙarfe ɗaya, da sassafe layin nan dai zai ba ka mamaki.

Masu sauke manhajojin nan da ke cewa za su rage ping, da masu VPN na kyauta, ku tausaya wa wayoyinku, yawanci ƙara wa saƙon zagaye suke yi. Canza DNS, wato saitin da ke nemo adireshin saba, ma ba ya rage ping ana tsakiyar wasa. Shi kuma NAT Type 3, wannan matsalar haɗi da ke hana ka haɗuwa da abokinka a PlayStation, layukan waya ne ke tara mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya, ko ka kwana kana taɓa saitin rauta ba lallai ya sauya ba.

Roƙona ga kamfanonin waya da masu kwangilar titi, a riƙa magana da juna kafin a sa katafila, don fayiba ɗaya in ta yanke a hanyar Bauchi mu nan ne za mu wuni muna kallon sikirin yana juyawa, yara kuma sun riga sun biya kuɗin awa.

Naku,
Wani mai shagon gem, Jekadafari, Gombe