A duba batun sake tsiro da tsokar da ta salwanta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan raunin da ba a cika kula da shi ba, wato salwantar tsoka. Ƙanena ya yi haɗarin babur, ƙashi ya haɗe sarai, amma a cinyarsa akwai kwarmin da dunƙulen hannu zai shige, kuma har yau sai ya dafa bango kafin ya hau matakala.

Tsoka tana iya gyara kanta idan raunin ƙarami ne, domin a jikin zarenta akwai wasu ƙwayoyin halitta da suke kwance suna jiran ranar buƙata, waɗanda Alexander Mauro ya gano a 1961. To amma idan nama mai yawa ya tafi, ba su da inda za su kama, sai tabo ya cike gurbin, shi kuwa tabo ba ya ɗaga ƙafa.

A Jami'ar Pittsburgh da ke Amurka, Dokta Stephen Badylak da abokan aikinsa sun gwada wata dabara. Sun ɗauki mafitsarar alade suka wanke ta har babu sauran ƙwayar halitta, sai saƙar da ke riƙe nama kawai, sannan suka kankare tabon, suka ɗinka saƙar a jikin tsoka mai rai. Cikin kwana biyu aka fara wa majinyatan gashi da motsa jiki, saboda motsin ne yake nuna wa ƙwayoyin da suka taru a wurin cewa tsoka ake so su zama. A rahoton 2014, mutum uku cikin biyar sun samu sauƙi na a zo a gani, a 2016 kuma adadin waɗanda aka yi wa aikin ya kai 13. Adadin kaɗan ne, amma ga mai ɗingishi ba ƙaramin albishir ba ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aladen. Ina kira ga likitocin ƙashi irin na asibitin Dala da malamanmu na fiƙihu su zauna tun yanzu, su duba hukuncin larura, su kuma duba saƙar da ake samarwa daga tumbin tumaki da fatar shanu domin wasu raunukan, don kada majinyaci ya fara jin wannan tambaya yana kwance a gadon tiyata.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Kano