Zuwa ga Uwata, kafin ki kama hanyar Jeniba

Assalamu alaikum Uwata,

Ya karatu, ya sanyin Leeds? Mu nan duk lafiya lau. Mamanki ta nuna min hoton akwatunan da kika jera a ɗaki, har guda uku, ban da jakar goyo. Ina gani na ce mata bari in zauna in rubuta, don na san halinki, saƙon murya in ya wuce minti biyu ba kya ƙarasa saurare.

Na ji daɗi da kika zaɓi jirgin ƙasa zuwa wurin gwaggonki. Sai dai ki cire tashar motar gida daga ranki. A nan kina sauka daga adaidaita ɗan kamasho zai karɓe kayanki, 'yan dako su yi miki caa, direba ma ya jira ki idar da salla. Can babu ɗan dako, kuma babu wanda zai auna akwatinki ya karɓa kamar a filin jirgin sama. Abin da kika ɗauko ke za ki ja shi, ke za ki cicciɓa shi cikin tarago, ke za ki sauke.

Ƙa'idar Eurostar, jirgin ƙasan da zai kai ki Faris daga Landan, ga mai tikiti irin naki ita ce akwati biyu, tsawon kowanne kada ya wuce santimita 85, sai ƙaramar jakar hannu ɗaya. Kin ga na ukun nan ya riga ya faɗi jarrabawa. Ba sa auna nauyi, kuma nan ne mutanenmu ke ruftawa, sai a yi ta dannawa har zif ya yi kuka. Ga gwajin da nake so ki yi: ki cika su yadda kike so, ki sauka da su matakalar gidanku lokaci guda, ki sake hawowa ba tare da kowa ya kama miki ba. In kika tsaya kina haki a tsakiya, koma ki rage.

Ba da ka nake faɗa ba. Shekarun baya da na je wani taro, na tafi da jakar nan mai ratsi-ratsi da muke kira gana-mas-go, shaƙe da littattafai da tsaraba, ga ta ba taya. A tashar da zan canza jirgi na tarar matakala mai tafiya da kanta ba ta aiki. Ina tsakiyar hawa hannun jakar ya tsinke, bakinta ya buɗe, huluna da kwalaben turare suka yi ta gangarawa. Wata dattijuwa ce ta tsinto min kwalba biyu tana ta magana da harshen da ban ji ko kalma ɗaya ba. Ko da na kai bakin jirgin da jaka a ka, ƙofofi sun rufe, ina kallon fasinjoji ta gilashi suna gyara zama. Ban ga laifin kowa ba sai nawa.

Ki liƙa sunanki a jikin kowane akwati, doka ce a jiragen nan. Manyan ki sa su a kantar da ke ƙarshen tarago, amma fasfo, kuɗi, waya da kwamfuta su zauna a jikinki. Ruwan sha da abinci ba a hana ba, babu dokar 'yar ƙaramar kwalba ta jirgin sama. Nama da cuku da madara ne ba a shiga da su Tarayyar Turai daga Ingila tun farkon 2021, don haka dambun naman da kika ce za ki yi wa gwaggo, ki bari sai kin isa ku yi shi tare.

Jirginki na Leeds a tashar King's Cross ta Landan zai ajiye ki, St Pancras kuwa, inda Eurostar ke tashi, tsallaka titi ne kawai. Kada kusancin ya ruɗe ki. Ana rufe ƙofar shiga minti 30 kafin tashi, ni kuma ina so ki isa da saura awa ɗaya da rabi. Za ki nuna tikiti ga na'ura, kayanki su bi ta na'urar bincike, sannan a duba fasfo. Abin da zai ba ki mamaki, jami'an Faransa a nan cikin Landan suke zaune, wato a takarda kin shiga Faransa tun ba ki hau jirgi ba. Izinin zamanki na Ingila ba ya aiki a gabansu, bizar Shengen suke nema, wato bizar da ƙasashen Turai da dama suka yi tarayya a kanta. Wadda kika karɓa daga Suwizalan, ƙasar da Jeniba take, ta isa ki ratsa Faransa, don Suwizalan tana cikin Shengen duk da ba ta cikin Tarayyar Turai. Tun Oktoban 2025 kuma aka fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu, layi kan yi tsawo.

Daga nan sai hutu. Jirgin yana gudun kilomita 300 a awa, ya shiga ramin ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994, mai tsawon kusan kilomita 50, ya fito bayan kamar minti 20. Ƙaninki ya ce ki ɗauko masa hoton kifi. Ki gaya masa duhu ne kawai. Da kin fito ki ƙara awa ɗaya a agogonki, Faransa tana gaban Ingila, kuma lokacin da ke kan kowane tikiti na garin da aka rubuta ne.

Inda na fi damuwa shi ne Faris. Birnin ba shi da babbar tasha ɗaya da kowa ke haɗuwa. Eurostar zai sauke ki a Gare du Nord bayan awa biyu da kusan minti 20, jirgin Jeniba kuma, wanda ake kira TGV Lyria, daga Gare de Lyon yake tashi, can wani ɓangaren gari. Za ki sauka ƙasa ki nemi jirgin cikin gari mai suna RER D, layi mai koren launi, wanda ya nufi kudu. Tsayawa ta farko Châtelet–Les Halles, ta biyu ita ce taki. Tafiyar ba ta kai minti goma ba, amma tikitinta daban ne, sai kin bi layin saye, ga ƙofofi matsattsu, ga cunkoso, ga akwati biyu. Minti 50 ɗin da kika ce kin gani tsakanin jiragen biyu bai yi min ba. Ki nemi tazarar awa ɗaya da rabi ko biyu. Gara ki zauna kina shan shayi kina ƙorafin Baba ya sa ki jira. Kuma duk wanda ya zo da fara'a zai taya ki sayen tikiti, in ba ma'aikaci ba ne mai kayan aiki, ki gode masa ki wuce.

A Gare de Lyon ki duba tikitinki ko Hall 1 ne ko Hall 2. Ba a bayyana layin da jirgi zai tsaya sai saura kamar minti 20. Ki bi lambar jirgin a allo, kada ki tsaya ga sunan gari kawai. Kalma uku za ki haddace: voie shi ne layi, voiture tarago, place kuma kujera. Wani lokaci jirage biyu ake haɗawa baki da baki, kuma ba a ratsawa daga wannan zuwa wancan ta ciki, saboda haka ki taka har gaban taragonki kafin ki shiga. Saura minti biyu ake hana shiga. In akwai zaɓi ki ɗauki kujerar ƙasa, jirgin mai bene ne, matakalarsa kuma ba ta son akwati.

In Allah ya ƙaddara na farko ya makara har na biyu ya tafi, kada ki ruga sayen sabon tikiti. Ki samu ma'aikaci tun a cikin jirgi ya ba ki shaidar jinkirin, ki kai ofishin tikiti ki nemi a sa ki a na gaba. Wanda ya sayi tafiyar duka a haɗe ya fi bakin magana a irin wannan hali. Ki ɗauki hoton tikitocin a waya, ki kuma buga su a takarda, caji ba shi da alƙawari.

Batun salla, ke matafiya ce, ki yi ƙasaru ki haɗa azahar da la'asar inda kika samu natsuwa.

Mamanki ta ce atamfofin gwaggo ba za a taɓa su ba, na ce to sai takalmanki su yi haƙuri. Daga Faris zuwa Jeniba awa uku ne da 'yan mintuna. Da kin zauna a kujerarki ta jirgi na biyu ki turo min saƙo, ko kalma ɗaya ce, wayar tana hannuna. Ki gaida gwaggonki da yaran.

Allah ya kiyaye hanya, ya yi miki albarka.

Mahaifinki